Fata ko jira? Yadda Sifaniyanci da Ido suka raba gadon aikatau "esperar"

A rubuta kalmomi biyu a takarda, *me esperas*, a miƙa wa mutumin Madrid. Zai karanta ya ce ma'anarsu "kana jirana". A karɓe takardar a ba wanda ya koyi harshen Ido, shi kuma ya ce a'a, "ina fata" ake nufi. Kowannensu daidai ya faɗa, kuma ko a furuci ba su saɓa ba, domin dukansu a gaɓar tsakiya ta *esperas* suke danna murya. Amma mai yin aikin ya canza, aikin ma ya canza. A wajen na farko kai ne kake yi, jira kuma kake yi. A wajen na biyu ni nake yi, abin da nake yi kuwa fata ne.

Sifaniyanci ba ya buƙatar gabatarwa. Harshen uwa ne ga mutum kusan miliyan 500, daga Sifaniya zuwa Meziko da Ajantina, har da Ikwatoriyal Gini a nan Afirka. Ido shi ne baƙo. Sunansa ba shi da haɗi da idon gani. Ƙagaggen harshe ne da ya fito a birnin Paris a 1907, wanda masu shi suka yi nufin kowace al'umma ta koya a bayan nata don duniya ta riƙa jin juna ba tare da tafinta ba. Masu jinsa a yau ba su taka kara sun karya ba, ɗaruruwa ne zuwa 'yan dubbai. Duk da haka ƙamus ɗinsa da na Sifaniyanci sun yi tarayya a aikatau *esperar*, harafi da harafi, sannan suka raba gari a kan abin da yake nufi. Hanyar da kowannensu ya bi ya kai ga kalmar ita ce ta jawo wannan.

Tushen yana cikin Latin, harshen Rumawan da. Suna da kalmar *spes*, wato fata ko sa rai, daga ita suka fitar da aikatau *sperare*. Wannan *r* da ta ɓullo a tsakiya tana da dalili: a tsohon Latin, *s* da ta sami kanta tsakanin wasula biyu takan rikiɗe ta koma *r*, shi ya sa fure yake *flos* amma "na fure" yake *floris*. Masu bin salsalar kalmomi suna mayar da *spes* ga wata tsohuwar saiwa mai nufin bunƙasa ko dacewa, wadda suke ganin ita ce ta haifi *uspekh* na Rashanci, wato nasara, da *speed* na Ingilishi, wanda kafin ya koma sauri sa'a yake nufi. Rumawa sun girmama Spes har suka mayar da ita abar bauta. Sun gina mata ɗaki a kasuwar kayan lambu ta birnin Rum lokacin yaƙinsu na farko da Kartaj, tsohuwar daula a Arewacin Afirka, a tsakiyar ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa.

Sai dai *sperare* bai tsaya kan alheri kaɗai ba, kuma nan ne zaren labarin yake. A waƙar Virgil, mawaƙin Rum da ya rasu shekara 19 kafin haihuwar Annabi Isa, sarauniya Dido ta ga masoyinta ya ɗaura haramar tafiya ya bar ta, sai ta haɗa *sperare* da *dolorem*, baƙin ciki. Ba wanda ke fatan baƙin ciki. Abin da take cewa shi ne ta riga ta hango shi tafe. Ke nan tun a bakin Rumawa abu biyu ne a cikin kalmar: fuskantar abin da bai iso ba, da kuma son ya iso. Na farkon kullum yana nan. Na biyun yakan zo, yakan ɓace. Jira na zahiri, irin na wanda ya tsaya a ƙofar gida har wani ya ƙaraso, suna da wasu kalmomi dominsa, fitacciya a ciki ita ce *exspectare*, daga *spectare*, kallo, da *ex*, waje. Mai jira a wajensu mai leƙen waje ne.

Da daular Rum ta watse, Latin ya rarrabu ya zama harsuna, kowane yanki ya ɗebi nasa kason. Italiya ta riƙe biyun, *sperare* don fata, *aspettare* don jira. Romaniya ma a yau tana da *a spera* da *a aștepta*. Faransa ta bar *espérer* a kan fata, ta ɗauko *attendre* don jira, daga *attendere* mai nufin miƙa hankali zuwa ga abu. A yankin da ya zama Sifaniya da Fotugal kuwa, *exspectare* ya shuɗe daga bakin talakawa, *sperare* ya gaje aikinsa ya haɗa da nasa. Sai daga baya malamai suka koma littattafan Latin suka aro irin su *expectativa*, kalmomin da har yau ƙamshin ofis da aji suke yi. Fotugisanci da Katalanci duk *esperar* suke cewa da wannan faɗin ma'ana. Ko Faransancin ma bai tsira gaba ɗaya ba: a kudancin Faransa, da wajen Akadiyawan Kanada masu jin Faransanci da danginsu na Louisiana, ana jin *espère-moi* da nufin "jira ni", abin da malamin makaranta a Paris zai ja wa jan biro.

Saura wasalin *e* na farkon kalmar, wanda babu shi a Latin na littafi. Tun wajen ƙarni na 2 bayan haihuwar Annabi Isa ake ganin alama a rubuce-rubucen kan duwatsu cewa talakawa suna jin nauyin fara kalma da *s* mai bin wani baƙi, sai su sa wasali a gaba. A Sifaniya wannan ɗabi'a ta zama doka. *Schola* ta koma *escuela*, makaranta, *scribere* ya koma *escribir*, rubutu, *stare* ya koma *estar*, *sperare* kuma *esperar*. Dokar tana raye har gobe, domin duk kalmar da suka aro sai sun yi mata haka: *estrés*, *eslogan*, *espagueti*. Bahaushe ya san wannan nauyin, sai dai shi tsakanin baƙaƙen yake cusa wasalin, ya ce sitiyari, sito, sufana, har da sunan ƙasar kanta, Sifaniya. Balarabe kuwa hanyar Basifane ya bi lokacin da ya mayar da Plato ya zama Aflatun. Italiyanci ya bar *sperare* ba wasali. Faransanci ya sa wasalin, sannan a yawancin kalmomi ya haɗiye *s* ɗin, aka sami *école* da *écrire*, amma *espérer* ta riƙe tata, kamar *esprit* da *espace*, kalmomin da suka daɗe a bakin limaman coci da malamai masu ido a kan Latin.

A Sifaniyancin yau, ƙamus yakan ba *esperar* manyan ma'anoni uku: fata, jira, da tsammani. Wanda ya ji haka daga nesa zai ɗauka Sifaniyawa kullum cikin ruɗani suke. Ba haka abin yake ba, domin nahawu ya ɗauke yawancin nauyin. A duba jimloli biyu da mutum zai iya faɗa a tashar jirgin ƙasa. *Espero que llegue el tren*: ina fata jirgin ya iso. *Espero a que llegue el tren*: ina jira har jirgin ya iso. Harafi ɗaya tak, *a*, shi ya raba mai addu'a a zuci da mai tsaye da jaka a hannu. In abin da ya biyo bayan aikatau mutum ne, kamar *espero a mi hermano*, jiran ɗan'uwana nake yi, ba wani abu ba. In aka ce *espera* da tsawa, "dakata" ake nufi. In aka sa wakilin suna aka ce *no me lo esperaba*, tsammani ne zalla: ban zaci haka ba. Sifar *inesperado* ma a nan ta tsaya, abin da ya zo ba zato, mai daɗi ne ko marar daɗi. In kuma aka ce *esperar en Dios*, an koma dogaro ga Allah, salon da ya gangaro daga Latin na coci.

Abin sha'awa shi ne harshen da ya haɗe ma'anonin a aikatau, da kansa ya raba su a suna. *Espera* jira ne, shi ake gani a jikin ƙofar asibiti da tasha, *sala de espera*, ɗakin jira, da *lista de espera*, jerin masu jiran layi. *Esperanza* kuwa fata ce, ita ake raɗa wa 'ya'ya mata, ita ce kuma 'yar'uwar *Esperança* ta Fotugisanci da ke cikin sunan da aka sa wa tsinin kudancin Afirka bayan Bartolomeu Dias ya kewaye shi a 1488. Babu Basifanen da zai rikita waɗannan biyun. Sun san bambancin sarai, ba su dai ga dalilin tilasta wa aikatau ya bayyana shi kowane lokaci ba.

Kuma in suna son tsantsar ma'ana ɗaya, suna da inda za su juya. Don jira akwai *aguardar*, wanda ya fi yawa a rubutu. Don fata akwai kalmar da kunnen Bahaushe ba zai yi baƙunta da ita ba, *ojalá*. Gado ce daga zaman Musulmi a Andalus tsakanin 711 da 1492, kuma ƙamus ɗin hukumar harshen Sifaniyanci ya mayar da ita ga Larabcin Andalus *law šá lláh*, in Allah ya so. *Ojalá llueva*, Allah ya sa a yi ruwa. A nan ba sauran jira ko tsammani, buri ne tsagwaro.

Akwai kuma wuraren da rashin rabewar shi ne amfanin kalmar. In aka ce mace *está esperando un hijo*, tana da juna biyu. Jiran haihuwa take yi, ko tsammaninta, ko fatan a sauka lafiya? Duka ukun, kuma duk wanda ya ce sai ta zaɓi ɗaya bai san halin da take ciki ba. Haka karin maganarsu, *el que espera, desespera*. *Desesperar* yanke ƙauna ne, kishiyar *esperar* na fata, amma *espera* na farkon jimlar na jira ne. Ma'anar ita ce mai jira yakan ƙosa har ya fid da rai, sai dai kunne yana jin kamar an ce mai fata shi ke rasa fata. Gishirin maganar yana cikin wannan karo na ma'ana biyu a kalma ɗaya. Suna kuma cewa *espera sentado*, nemi wuri ka zauna ka jira, ga wanda suka ga ya kama jiran gawon shanu.

Ido bai gaji kalmar ta wannan doguwar hanya ba. Ta hannun wani ƙagaggen harshen ya same ta. A 1887, wani likitan ido a Warsaw, Ludwik Zamenhof, haifaffen Białystok, ya buga ɗan littafi da Rashanci yana gabatar da harshen da ya kira na ƙasa da ƙasa. Bai sa sunansa ba, ya sa *Doktoro Esperanto*, likita mai fata. Aikatau ɗin shi ne *esperi*, mai siffa da ma'ana irin na *espérer* na Faransanci, ɗafa-ƙeyar *-ant-* kuma tana nuna mai yin aiki. Laƙabin ya danne sunan harshen, har yau Esperanto ake kiransa. Don jira da tsammani, Zamenhof ya sake komawa Faransanci ya ɗauko *atendi*. Tun daga nan ke nan aka ƙuntata kalmar a kan fata kaɗai. Masu harshen sun yi babban taronsu na farko a garin Boulogne-sur-Mer na Faransa a 1905, inda suka amince cewa ba mai taɓa ginshiƙin nahawun da Zamenhof ya shimfiɗa.

Ba kowa ne ya gamsu ba. Tun 1901 wasu Faransawa biyu, Louis Couturat, masanin falsafa da mandiƙi, da Léopold Leau, masanin lissafi, suka kafa wata tawaga da za ta zaɓar wa duniya harshen taimako guda. A watan Oktoba na 1907 kwamitinta ya zauna a Collège de France, wata babbar cibiyar ilimi a Paris. Cikin mahalarta akwai Wilhelm Ostwald, Bajamushen masanin sinadarai da ya sami kyautar Nobel a 1909, da Otto Jespersen, masanin harshe daga Denmark, da Jan Baudouin de Courtenay, shi ma masanin harshe, da Giuseppe Peano, masanin lissafi daga Italiya. Zamenhof bai je ba, ya wakilta Louis de Beaufront, jigon Esperanto a Faransa, ya kare masa harshensa. Ana cikin zama sai ga wani daftari na gyararren Esperanto, ba sunan marubuci sai laƙabin "Ido". A Esperanto, *-id-* ɗafa-ƙeya ce mai nufin ɗa ko zuriya. Kwamitin ya yanke cewa ya karɓi Esperanto bisa sharaɗin a yi masa gyara ta fuskar da daftarin ya nuna. Daga baya de Beaufront, wanda aka aika kariya, ya fito ya ce shi ne mai daftarin, ko da yake masana tarihi da dama suna ganin hannun Couturat dumu-dumu a ciki. Mabiya Zamenhof suka kira abin cin amana, a farkon 1908 aka raba jaha. Uba da ɗa, kowanne da laƙabin ɓoye na marubucinsa ya sami suna.

Gyare-gyaren sun haɗa da cire haruffa shida masu alama a ka, da daina tilasta wa sifa ta bi suna a jam'i, da sauya alamar jam'in kanta daga *-oj* zuwa *-i*. Wannan na ƙarshen ya shafi maganarmu kai tsaye. A Esperanto, *-i* ita ce ƙarshen aikatau a siffarsa ta ƙamus. Da aka ba ta aikin jam'i, *esperi* a Ido ya koma jam'in *espero*, wato fatace-fatace, aikatau kuma ya buƙaci sabuwar ƙeya. Aka ba shi *-ar*, wadda duk mai jin Sifaniyanci ko Fotugisanci zai gane nan take, har aka keɓe ta da cewa a kanta ake danna murya, saɓanin sauran kalmomin harshen. Saiwar da ta biyo ta Faransanci da Esperanto ta haɗu da ƙeya mai kama da ta Sifaniyanci, sai ga *esperar* ya fito cif kamar daga Madrid aka kwaso shi. Shaidar cewa wasalin farkon gado ne tana cikin sauran ƙamus ɗin. Ido ba ya jin nauyin fara kalma da *s* da wani baƙi, yana cewa *skolo* da *skribar* a inda Basifane ke cewa *escuela* da *escribir*.

Daga ƙeyar nan gaba, kamannin yaudara ne. A Sifaniyanci *-ar* da *-er* da *-ir* azuzuwan aikatau ne guda uku, kowanne da tsarin sarrafa shi, ba ruwansu da lokaci. A Ido aji ɗaya ne, wasalin kuma lokaci yake nunawa: *esperar* yin fata yanzu, *esperir* kasancewa an yi fata a baya, *esperor* kasancewa za a yi. Saboda haka *venir* da *dormir*, waɗanda a Sifaniyanci zuwa ne da barci kawai, a Ido suna nufin an riga an zo, an riga an yi barci, siffofinsu na ƙamus kuwa *venar* da *dormar*. A Sifaniyanci ƙarshen aikatau ne ke faɗin mai aiki: *espero* ni, *esperas* kai, *espera* shi, *esperamos* mu. A Ido *esperas* na kowa ne, wakilin suna ke bambantawa, *me esperas* ni, *tu esperas* kai, *ni esperas* mu, shuɗaɗɗen lokaci *esperis*, mai zuwa *esperos*, umarni *esperez*. *Me* da ke nufin "ni" mai aikatawa a Ido, a Sifaniyanci wanda aikin ya faɗa wa ne. *Espero* da Basifane zai ji a matsayin "ina fata", a Ido suna ne, fata kanta. Kama da wane ba ta wane.

Wannan duk sauƙin nahawu ne, kowa zai iya haddace shi a yini guda. Inda aka yi aiki da gangan shi ne ma'ana. Masu Ido sun tsaya a kan ƙa'idoji biyu wajen zaɓen kalmomi. Ta farko, a ɗauki saiwar da ta fi yaɗuwa a harsuna shida: Jamusanci, Ingilishi, Faransanci, Italiyanci, Rashanci da Sifaniyanci. Ƙamusoshinsu har sukan jera haruffa a gaban kalma don nuna a harsuna nawa take. Ta biyu, wadda Ostwald da Couturat suka fi ƙanƙame wa, kalma ɗaya ma'ana ɗaya. Couturat ya yi shekaru yana tonon rubuce-rubucen Leibniz, Bajamushen masanin falsafa da lissafi, a kan harshen da tunani zai gudana a cikinsa kamar lissafi, ba mamaki da ya ɗauki kalma mai fuska biyu a matsayin cuta. Sai aka yanka filin gida uku. *Esperar* fata. *Expektar* tsammani, wato aka tono *exspectare* na Latin da Sifaniyawa suka yar. *Vartar* jira. Ko *atendi* na Zamenhof bai tsira ba, tunda shi ma abu biyu yake ɗauke da su. Mutumin tasha a Ido dole ya faɗi matsayinsa: *me vartas la treno*, yana tsaye yana jira, *me expektas la treno*, ya san lokacin isowarsa ya yi, *me esperas ke la treno venos*, zuciyarsa ce ke roƙo.

*Vartar* daga *warten* na Jamusanci aka samo shi, kuma a nan ƙa'idojin biyu suka yi karo. Don a cika sharaɗin ma'ana ɗaya, an ɗauki saiwar da a wannan siffa Bajamushe ne kaɗai zai gane ta cikin harsunan shida, aka sadaukar da sharaɗin yaɗuwa. Abin dariyar shi ne kalmar tana da dangi a Sifaniyanci. *Aguardar* daga *guardar* yake, gadi ko tsaro, shi kuma aro ne daga tsoffin harsunan Jamusawa, daga saiwa guda da *warten*, wadda asalinta sa ido ne. Amma ba Basifanen da zai ga *vartar* ya tuna *aguardar* sai an zaunar da shi an yi masa bayani. Wanda ya lura zai ga yadda jira yake yawan fitowa daga kallo: *exspectare*, *warten*, har *intazara* na Larabci daga *nazara*. Hausa ma tana da zuba ido da duban hanya, ta ƙara da na kunne, inda mutum zai ce yana sauraron zuwan wane.

Ɗafa-goshin kishiya shi ma ya sake kusanto da harsunan biyu a ido ya nisanta su a ma'ana. Esperanto yana yin kishiya da *mal-*, ya ce *malesperi*. Ido ya musanya shi da *des-*, aka sami *desesperar*, kamar dai na Sifaniyanci. Amma na Ido yanke ƙauna ne kawai, alhali Basifane yakan ce *me desespera* game da yaro mai rigima ko layi marar motsi, yana nufin abin ya ishe shi. Karin maganar nan ma ba ta tsallakowa. In aka bi ƙa'ida sai a ce *ta qua vartas, desesperas*. Ma'anar ta fito fes, wasan ya mutu.

A ganina rabon da Ido ya yi ba laifi ba ne. Ga wanda zai rubuta yarjejeniya ko umarnin aiki tsakanin mutanen da ba harshensu ɗaya ba, gara kalmar da ba ta buƙatar a san al'adar mai magana kafin a gane ta, kuma irin wannan aiki aka ƙagi harshen dominsa. Inda nake ja da masu shi shi ne kiran wannan rabo da sunan mandiƙi, kamar dai fata da jira da tsammani halittu ne uku da kowa zai iya ƙirgawa. A duba harsunan shida. Ingilishi yana da *hope*, *wait*, *expect*. Jamusanci yana da *hoffen*, *warten*, *erwarten*. Rashanci, Faransanci da Italiyanci duk sun ware fata daga jira. Sifaniyanci ne kaɗai ya haɗe su. Biyar suka rinjayi ɗaya, kuma yankan gida ukun ya yi daidai da na Ingilishi kamar an auna. Ƙuri'a ce aka kaɗa, masu rinjaye suka ga tsarin harsunansu suka ɗauka tsarin hankali ne.

Da Hausa tana cikin harsunan da aka ƙirga, da lissafin ya sake. Mu muna da fata, da buri, da sa rai, da tsammani, da zato, da jira, da dako, da dakatawa. Sa rai ya fi fata ƙarfi, don mai sa rai ya ga alama. Zato yana iya zama a kan abin da ya riga ya faru, tsammani ya fi karkata ga mai zuwa. Dako yana da nauyin daɗewa da juriya wanda jira ba lalle ya ɗauka ba. Da wannan ma'auni, *esperar* na Ido da kansa kalma ce mai fuska fiye da ɗaya, tunda ba ya faɗa mana ko mai fatan yana da dalili ko tsammanin warabbuka yake yi. Kowane harshe yana yanka inda masu shi suka ga buƙata, ya bar saura ga nahawu da muhallin magana. Sifaniyanci ya bar da yawa ga muhalli a wannan aikatau, amma shi ne kuma ya raba "kasancewa" gida biyu, *ser* da *estar*, inda Ido mai son rarrabewa ya wadatu da *esar* guda ɗaya.

Wanda wannan tsari ya fi wahalarwa shi ne wanda aka zaci an sauƙaƙa wa. Baturen Ingila da ke koyon Ido zai haddace *esperar* a matsayin baƙuwar kalma, ya ɗora ta a gurbin *hope*, shi ke nan. Basifane zai gan ta ya ɗauka tasa ce, ya rubuta wa abokinsa cewa yana *esperar* ɗinsa a tasha, abokin ya fahimci fatansa ake yi. Kalmar da ba ka sani ba takan tura ka ƙamus, wadda ka zaci ka sani ba ta tura ka ko'ina.

Ido bai daɗe da ƙarfinsa ba. Mujallarsa *Progreso* ta fara fita a 1908, muhawarar gyaran kalmomi ta cika shafukanta shekara da shekaru. Couturat ya rasu a haɗarin mota a watan Agusta na 1914, daidai lokacin da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke. Jespersen ya fice ya fitar da nasa harshen, Novial, a 1928. A 1951 wata ƙungiya a New York, ƙarƙashin jagorancin Alexander Gode, ta fitar da Interlingua, wanda ya bi wata dabarar: a nemo siffar da ke ƙarƙashin kalmomin harsunan Turai kafin kowanne ya lanƙwasa ta. Sai suka cire wasalin farkon suka rubuta *sperar*, suka bar shi a kan fata. Don jira suka ɗauki *attender*, wanda Bafaranshe zai gane ba wahala, amma a kunnen Basifane *atender* kula da mutum ne, irin wanda mai kanti ke yi wa mai saye ko likita ga majinyaci.